Baƙon Ɗakin Sanyi

Ku rage murya. Mai jin dariya ya fita tun yanzu.

Lurwanu jikan ƙanwata ne, don haka ba jita-jita na kwaso ba. Ya yi boko har ya ƙoshi, ya dawo yana kallon mutane ta saman tabarau. Wani kamfanin casar shinkafa a Sharaɗa ya ɗauke shi aikin kula da kwamfutoci. A cikinsu akwai babba, uwar sauran, wadda suke kira saba. Ita ke riƙe da sunan kowane ma'aikaci da takardar fitar kowace mota. In ta tsaya, ko buhu ɗaya ba ya ƙetare ƙofa. Ɗaki guda aka ware mata, ba taga, sanyi kamar cikin randa. Mutane na zufa a waje, ƙarfe na shan iska. Wai ci gaba ke nan.

Sau biyu tana tsayawa a hannunsa. Manaja ya ce masa, "In aka yi na uku, ka nemi wani wurin."

Sai ya ƙulla dabara irin ta marasa kunya. Ranar Juma'a da azahar kowa na masallaci, ba mai taɓa kwamfuta, to a lokacin zai zuba wa sabar sabuwar manhaja. Baba Tanko maigadi ya tsaya a kansa da darduma a kafaɗa.

"Ɗan nan, liman ya kusa hawa mumbari."

"Je ka, Baba, ka sa mu a addu'a."

"Ba a zama a ɗakin nan da rana tsaka. Tsamiya aka sare a wurin."

"To, a gaida tsamiya."

Ya shiga ba sallama, ba bisimilla. Ƙa'idar aikin nasu ma ita ce a kwafi komai a adana kafin a taɓa. Bai kwafa ba. Shi ai gwani ne.

Ya zuba manhajar, ya kashe, ya kunna. Allo ya yi baƙi ƙirin. Ya sake. Baƙi. Ga motoci bakwai jere a waje suna jiran ƙarfe uku. Duk sanyin nan, rigarsa ta jiƙe.

Ƙofar ɗakin da kati ake buɗe ta, kuma tana ƙara in an buɗe. Ba ta yi ƙara ba. Warin ɗanyen itace kawai ya ji.

Wani mutum na tsaye a gefen na'urar. Dogo, siriri, da tsohuwar farar riga.

"Ta ƙi?"

Bakin mutumin ne ya motsa, amma daga cikin fankokin na'urar muryar ta fito.

"Wa ya turo ka?" in ji Lurwanu.

"Hayaniyarka. Barci nake."

Lurwanu ya sunkuyar da kai. Ƙafafun mutumin ba takalmi. Yatsun sun nutse cikin siminti kamar saiwa.

Mai hankali a nan Ayatul Kursiyyu zai ja, ya nemi ƙofa. Shi agogo ya duba. Biyu da rabi.

"Za ka iya tashinta?"

"Ba ni makullin."

Kalmar sirri yake nufi, babbar, wadda ke buɗe komai. Amana ce aka damƙa masa, ko manaja bai san ta ba. Ya faɗa wa wanda ko sunansa bai tambaya ba.

Mutumin bai danna komai ba. Dafa bayan ƙarfen ya yi, kamar mai lallashin akuya. Fitilu suka dawo kore ɗaya bayan ɗaya.

"Ba za ta ƙara tsayawa ba," in ji muryar. "Kai ma ba za ka ƙara tashina ba."

Kafin Lurwanu ya ɗago, ba kowa. Motoci suka fita a kan lokaci, har manaja ya yaba masa.

Ranar Litinin ya buga kalmar sirrin, ta ƙi shi. Ya buga sau goma. Ya rufe bakinsa, don wa zai gaya wa? Ya koma zaman danne-dannen ƙarya. In kwamfutar wani ta rikice, kafin ya taso daga kujera ta warware. A ɗauke wuta, janareta ya mutu, sabar na nan tana gunji abinta. Haka har wata takwas.

Manaja ya kira shi.

"Malam Lurwanu, yaushe rabonka da gyara wani abu a nan?"

"Ranka ya daɗe, ai iya aiki ke nan."

"To, sabar ta iya da kanta. Mun gode. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Yanzu yana bakin titi ƙarƙashin lema, yana liƙa wa wayoyin mutane gilashi. Kamfanin bai ɗauki wani ba har yau.

Wanda aiki ya kai shi irin ɗakin nan, kada ya shiga shi kaɗai da rana tsaka. In taurin kai ya shigar da shi, ya dubi ƙafar mai taimako kafin ya buɗe baki. Ko da yake shi wancan ya duba, kuma ya buɗe. Ku tashi, kowa ya tofa addu'a ya kwanta.