Wankin Rawanin Baba

Malam Isyaku na unguwar Sheshe ya sayi rawani ɗan Kura a Kasuwar Kurmi. Baƙi ne wuluk, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai. A rumfar Malam Ari mai tufafi ya saye shi. Aka naɗe masa a takarda, ya kawo gida ya ajiye sai Juma'a.

'Yarsa Luba ba ta iya ganin abu a ƙunshe ta wuce. Tana cikin shan koko ta buɗe takardar. Ɗis! Koko ya ɗiga a kan rawanin.

Ta ɗauki ƙwarya da sabulun salo ta zaga bayan ɗaki. To, wa ya taɓa wanke ɗan Kura? Ai ƙyallin nan shuni ne da aka buga a jikinsa, ruwa na taɓa shi ya tafi. Luba ba ta sani ba, ba ta kuma tambayi kowa ba. Ta cuɗa, ta ƙara cuɗawa. Da rawanin ya bushe sai ya fito fari-fari kamar tsumma. Hannuwanta kuwa sun rine shuɗi. Ta mayar da shi cikin takarda, ta dunƙule hannuwa a mayafi, ta yi gum.

Washegari Juma'a da safe Malam Isyaku ya buɗe takarda. Ya yi salati da ƙarfi.

"Ari ya cuce ni! Ya nuna mini mai kyau, ya naɗe mini tsohon yayi! Luba, ɗauko shi, biyo ni."

A kasuwa bai ko yi sallama ba.

"Malam Ari, haka kake kasuwancin? Yau sai gaban alƙali!"

"Wannan ba kayana ba ne," in ji Malam Ari. "Ni da hannuna na naɗe maka sabo."

"Au, ni ne maƙaryacin ke nan?"

Nan da nan mutane suka taru. Wata mata da ke cinikin zane ta ajiye shi ta matsa gefe. Wani ya ce, "Ashe haka yake?" Malam Ari ya ji, idanunsa suka kaɗa.

Sai ga Baba Ashafa, dattijon masu tufafi, wanda ke raba rigimar layin. Ya zo yana dogara sanda.

"Ku zauna, ku duka. Alƙali na nan, ba gudu zai yi ba. Mu fara gwada namu."

Ya saurari kowa har ya gama. Sannan ya ce, "Ari, ka san ƙa'idar layin nan. Wanda ya musanya wa mai saye kaya, rumfarsa ta tashi. Kai kuma Isyaku, za ka iya rantsuwa cewa tun da ka kai shi gida babu wanda ya taɓa shi?"

"Ƙwarai kuwa! Wa zai taɓa? Wallahi..."

"Baba, tsaya!"

Kowa ya waiga. Luba ta zaro hannuwanta daga mayafi.

"Ni ce. Koko ya zuba, na wanke shi da sabulu."

Can wani ya tuntsire da dariya. "Da sabulu? Ɗan Kura?"

Malam Isyaku ya dubi hannuwan, ya dubi ƙasa.

Baba Ashafa ya ce, "To, magana ta fito. Isyaku, a gaban jama'a ka ɓata shi, a gaban jama'a za ka wanke shi. Amma ban da sabulu."

Malam Isyaku ya miƙe. "Jama'a, ku shaida, Malam Ari bai cuce ni ba. Ni na yi gaggawa. Malam, ka yafe mini."

"Ya wuce," in ji Malam Ari. "Kawo rawanin in kai wa mabuga su sake sa masa shuni. Ladan aikin kuwa naka ne."

"Na yarda."

Suka yi musafaha. Matar nan ta dawo ta ɗauki zanenta, ciniki ya ci gaba.

Luba ta durƙusa. "Baba Ari, ka yi haƙuri."

"Tashi, 'yata. Kin makara, amma kin faɗa."

A hanya mahaifinta ya ce, "Ɗigon koko abin a goge ne. Shirun da kika yi shi ya kusa raba bawan Allah da rumfarsa. Ni ma na yi laifi, da na yanke hukunci ban bincika ba."

"Ba zan ƙara ba, Baba."

Ba ta kuwa ƙara ba. In ka yi ɓarna, ka faɗa da wuri, kada laifinka ya hau kan wani. In kuma saɓani ya shiga tsakaninka da mai kaya, ku zauna a ji ta bakin kowa kafin a ɗaga murya.