Rami a Hanyar Tifa

Wani ya haƙa rami ya gitta hanyar da ta ratsa gari, tifar yashi ta afka ciki, direba ya karye a ƙafa. Labarin da ya iso caji ofis da sanyin safiya ke nan.

Sufeto ya ture kofin shayinsa, ya ɗauki hula. Dattijo ne da ya kusa ritaya. Ba ya son surutu, ba ya son a maimaita masa magana. Ya ce wa Kofur ya tayar da tsohuwar motar ofis.

Garin ƙarami ne. Hanyar burji guda ce ta raba shi biyu, makaranta da famfon ruwa a dama, gidaje da kasuwa a hagu. Tun da kamfanin yashi ya fara ɗiba a bakin kogi, tifofi ke ratsa garin kamar an koro su. Mutane sun je wurin hukuma sun roƙi a yi musu tudun rage gudu, aka ce ana dubawa. Ana cikin dubawar, makon jiya, wata tifa ta take 'yar mai faci tana dawowa daga famfo da bokiti a ka. Sufeto ne ya je ya auna wurin. Direban da ya yi aika-aikar ya samu beli tun masu gaisuwa ba su watse ba.

Da suka isa, sun tarar da tifa ta kafa hanci a rami, gindinta a sama, yashi ya tsiyaye. Jama'a sun yi cirko-cirko, babu mai alamar baƙin ciki.

Sufeto bai kula kowa ba. Ya sauka cikin ramin, ya kai masa ƙirji. Kusurwoyi a daidaice, bango sumul kamar an shafe shi. Burjin sama an tara shi daban, jar ƙasar ciki daban, duka a gefe guda dab da baki. A ƙarshen ramin an bar siririyar hanya, daidai wucewar babur ko amalanke. Ya fito ya bi sawun taya baya, har ya iske rassan ƙaya da aka jera a tsakiyar hanya tun daga nesa. Tifa ta bi ta kansu ta murƙushe.

"Samari ne, yallaɓai," in ji Kofur. "Fushi suke yi."

"Mai fushi watsa ƙasa yake ko'ina. Ba ya tsayawa gyaran kusurwa."

Ya juya ga jama'a. "Wa ya ga wanda ya yi wannan?"

Sai ya nuna mai shayi, wanda rumfarsa ke bakin hanya.

"Ni dai barci na yi, yallaɓai, kamar an doke ni."

"A rumfar nan kake kwana. Ko yawu ka tofa, cikin ramin zai faɗa. Ba ka ji ƙarar diga ba?"

"Ruwa aka yi, yallaɓai, ga sanyi. Ko garin aka ɗauke ba zan sani ba."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Wataƙila gara ce. Garar garin nan ba ta da kunya."

Dariya ta ɓarke. Sufeto bai yi ba.

Manajan kamfanin yashi ya iso, yana ɗaga ƙafar wando kada laka ta taɓa. "Ka ji su ko, Sufeto? Dukkansu ne. Ga motocina can sun yi layi, aiki ya tsaya. Na nemi 'yan ƙwadago su cike ramin, kowa ya ce bayansa na ciwo."

"Na ji," in ji Sufeto. Ya shiga mota.

A asibitin gari direba na kwance, an naɗe masa ƙafa har gwiwa. Saurayi ne, idonsa ya yi ja.

"Gudu kake yi?"

"Wallahi a hankali nake tafe, yallaɓai."

"Ka ga ƙayar da aka jera?"

"Babu wata ƙaya."

"Tana nan maƙale a gaban motarka. In ka warke ka je ka cire."

Direba ya kawar da kai. Can ya ce, "Da yawan sawu ake biyan mu. Wanda ya yi sanyin ƙafa, gobe wani ne a kan sitiyari."

"Wa ya fito da kai?"

"Ban ga fuskarsa ba, gari bai gama wayewa ba, ga jini a idona. Mutum ɗaya ne, kuma yana wurin tun kafin kowa ya zo. Ya ciccibe ni kamar buhun ƙaiƙayi." Ya dubi Sufeto. "Abin da ya ba ni tsoro, yallaɓai, yadda ya kwantar da ni. Ya miƙar da ni sambal, ya haɗa min ƙafafu, ya jera min hannuwa a gefe. Har haɓata ya gyara. Sai da na yi ihu na ce da raina."

Kofur ya toshe baki. Sufeto ya harare shi.

Suna fitowa waya ta yi ƙara. Shugabansa ne daga hedikwata, kuma a bayyane yake manaja ya riga ya kira shi.

"Ka kawo min mutum kafin yamma. In ba haka ba zan turo mota a kwaso mazan garin duka, a tace su a nan."

Sufeto ya san yadda ake tacewar. Ya kuma san lokacin noma ne. Namijin da aka rufe a wannan watan, ciyawa ce za ta ci gonarsa, iyalinsa su ci baƙin ciki.

Ya nufi rumfar mai faci. Ya same shi zaune a kan tsohuwar taya, bai buɗe aiki ba. Kafin a yi masa tambaya ya miƙe.

"Ni ne. Ba sai kun wahalar da kowa ba."

"To. Zurfinsa fa?"

"Iya ƙugu."

"Ƙasar ina ka zuba?"

"Ko'ina. Na watsar."

"Digar?"

"Na jefa a kogi."

"Kawo hannunka."

Sufeto ya juya tafin. Baƙin mai ne kawai da tsohuwar kanta ta aikin taya. Babu sabon kumburi, babu jar ƙasa a farce.

"Ƙarya kake yi."

"Ka rubuta ni ne. Wa zai yi musu? 'Yata aka kashe, kowa ya sani. Da na iya, da ni zan yi."

Daga bayan labulen ɗaki matarsa ta ce, cikin dasasshiyar murya, "An ɗauke min ɗaya, kai ma tafiya za ka yi? Waɗannan biyun wa ka bar wa?"

Mai faci bai waiwaya ba.

Sufeto ya tsaya. Ga mutum ya kawo kansa, ga dalili a fili, hedikwata ba za ta nemi ƙari ba. Da ya sa hannu, kafin azahar an gama. Amma bai taɓa rufe wanda ya san bai yi ba, kuma ba a bakin ritaya zai fara ba.

Ya sake tuno ramin. Mai haƙar rijiya zagaye yake yi, ƙasar kuma nesa yake kai ta, don ba ta da sauran amfani. Wanda ya tara ƙasa dab da baki, ta sama daban, ta ciki daban, mutum ne da ya saba mayar da ita. Sai kuma kwanciyar da aka yi wa direba.

"Wa ya haƙa wa 'yarka kabari?"

Mai faci ya sunkuyar da kai. Wannan ya ishi Sufeto. Ya ce wa Kofur ya tsaya da shi, ya tafi shi kaɗai.

Maƙabarta na bayan gari, kewaye da shingen ƙaya. A kusa da ƙofa an sare rassa, wurin saran fari tas, bai ko bushe ba. Can ciki, gaban wata 'yar bukka, tsohon da gari ke kira Baba Mai Diga na tsugune yana wanke shebur. Dogo ne, busasshe, gemunsa fari, hannuwansa kamar saiwar itace. Kusan duk wanda ya mutu a garin tun ana yara, shi ya haƙa masa.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa. Wa ya rasu?"

"Babu. Tambaya na zo yi."

"Ni da matattu nake hulɗa. Ba sa tambaya."

"Ina ka kwana jiya?"

"Inda na saba."

Sufeto ya dubi ruwan wankin da ya kwanta a ƙasa. "Ƙasar maƙabartar nan baƙa ce, Baba. Ruwan sheburinka ja ne."

"Tsatsa ce."

"Shingenka fa, wa ya sare?"

"Awaki."

"Awaki da adda?"

Tsoho ya ci gaba da goge sheburinsa.

"Shi ke nan," in ji Sufeto, ya juya kamar zai tafi. "Dama na samu mai laifin. Mai faci ya amsa. Yanzu zan wuce da shi."

Hannun tsoho ya tsaya cak.

"Wa? Wancan? Ko ramin shuka bai iya ba."

"Shi ya ce."

"Ƙarya yake!" Ya miƙe tsaye, ya fi Sufeto tsawo. "Ka ga bangon ramin? Ka ga kusurwar? A garin nan wa zai fitar da wannan in ba ni ba? Ku saki yaron mutane, abin da ke kansa ya ishe shi."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai. Ruwa ya tausasa ƙasa, na fara, kafin gari ya waye na gama."

"Me ya sa?"

Tsoho ya nuna wani ɗan ƙaramin tudu, ƙasarsa sabuwa.

"Ka san kabarin da ya fi wuya, ɗana? Ƙarami. Shebur ba ya juyawa a ciki, sai ka durƙusa ka kwashe da hannu. Na yi wa wannan. Ban ce komai ba, aikina ne. Amma ranar, muna ɗauke da ita za mu tsallaka hanya, wata tifa ta taho ta danna mana hon. Mu matsa mata. Da gawar a kafaɗarmu." Ya tofar da yawu gefe. "Kuma muka matsa."

Sufeto ya dubi ɗan tudun, ya juyo ga tsoho.

"Direban nan ma ɗan wani ne. Da ya mutu fa?"

"Na jera ƙaya tun daga nesa. Mai tafiyar mutane zai gani ya tsaya. Na kuma zauna a wurin, don kada mai babur ya faɗa. Da ya afka ni na ciro shi. Ƙafarsa tana wuyana, ban musa ba. Ka rubuta."

"Sai ka biyo ni."

Tsoho ya jingine shebur a inuwa, ya ja ƙofar bukka, ya shiga gaba.

Kafin su kai bakin ramin labari ya riga su. Gari ya fito kaf. Kofur ya zo da mai faci, Sufeto ya ce masa ya koma gida wurin matarsa. Bai tafi ba, ya tsaya yana kallon tsoho, hawaye na zuba.

Manaja ya duba layin motocinsa, ya duba fuskokin mutane. Ya ga babu wanda zai taɓa masa ƙasar nan muddin tsohon na tsaye. Sai ya sassauta murya, ya sa aka kawo shebur daga cikin tifa.

"Baba, mu ba ma son fitina. Ka cike shi da hannunka a gaban mutanen nan, ka ce ka tuba. Kamfani zai janye ƙara, mu biya kuɗin asibiti. Ka kwana a ɗakinka."

"Tudun rage gudun fa?" in ji tsohuwar nan daga cikin taro.

"Wannan ba hurumina ba ne, Iya."

Sufeto ya matso kusa da tsoho, ya yi ƙasa da murya. "Baba, shekarunka ba na gidan yari ba ne. In muka bar nan, abin ya fita hannuna. Ko ba kai ba, gobe za su kawo mota ta cike shi."

"Su kawo."

Ya miƙa hannuwansa biyu. Kofur ya lalubo ankwa, ya dubi Sufeto. Sufeto ya girgiza kai. Ya kama hannun tsoho da kansa, jama'a suka dare, ya kai shi bakin mota ya buɗe masa ƙofar gaba.

Manaja ya biyo su da sheburin, yana sassarfa. "Baba, ka yi tunani! Aikin da ba zai kai ka azahar ba!"

Tsoho ya sa ƙafa ɗaya a mota, ya waiwayo, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen taro zai ji.

"Duk ramin da na haƙa a duniya, ni na rufe shi da hannuna. Wannan kam, a'a. Ba zan cike ba."