Zanen da Ya Ƙi Bushewa

A wata lakwal, wato makarantar boko, a Kanan-Bakashe akwai wata yarinya mai son zane. Sai dai hannunta ba ya zama wuri ɗaya.

Ran nan malaminsu, Mushe Ishaƙu, ya zo da kayan zane daga Maraɗi. Akwai fenti kala-kala, da buroshi, da farin yadi da aka ɗame a jikin katako. Akwai kuma wata 'yar kwalbar mai.

"Da wannan mai ake sirka fenti," in ji Mushe. "Mai ne mai bushewa. Kar wanda ya taɓa shi."

Ya ɗora wa Sha'aibu kula da kayan, don yaro ne mai natsuwa.

Da aka fita hutu, yarinyar ta lallaɓo ta buɗe kwalbar, wai sai ta sansana. Kwalba ta suɓuce, mai ya bi ƙasa duka. Ta yi maza ta rufe ta, ta mai da ta wurinta.

To, innarta ƙuli-ƙuli take yi. "Ai mai duk mai ne," yarinyar ta ce a ranta. Washegari ta ɗebo man gyaɗa ta cika kwalbar. Ba wanda ya gani.

'Yan aji suka zana rijiyar gari da shanu, don a nuna wa iyaye a ƙarshen shekara. Mako ya wuce, zane bai bushe ba. Wani makon ma haka. Har kiyashi suka fara hawa kansa.

Mushe ya ɗaga kwalbar ya duba, ya ɓata rai. "An sauya man ga. Wa ya yi?"

Kowa na hararar na kusa da shi. Can aka fara raɗa: "Ai Sha'aibu ke riƙe da kayan."

"Wallahi Mushe ban taɓa ba!" in ji Sha'aibu.

Mushe ya ce, "Gobe ka taho da babanka. Kuma ba ka ba zane."

A gida yarinyar ta kasa cin tuwo. Inna ta dube ta sosai.

"Ke, mi kike ɓoyewa? Tun kwanaki na ga maina ya ragu."

Ta fashe da kuka, ta faɗi komai.

"Ɗan mutane za a kora saboda ke?" in ji Inna. "Gobe da bakinki za ki faɗi."

Da safe ga baban Sha'aibu, ya baro shanunsa, yana tsaye da sanda, ransa a ɓace. Yarinyar ta miƙe.

"Mushe, ni ce. Na zubar, na sa man gyaɗa."

Mushe ya ce, "Man gyaɗa na miya ne, ɗiyata, ba ya bushewa. Da kin faɗi tun farko, da na gyara." Ya juya ya ba Sha'aibu da babansa haƙuri. Ita ma ta roƙe su gafara.

Ita ta kankare yadin, ta wanke buroshi da kananzir. Mushe ya aika aka kawo wani man, suka sake zanen.

Ranar da ya bushe, Sha'aibu ya shafa shi, ya dubi yarinyar ya yi dariya. "Yanzu kiyashi sai su koma gidanku!"

Daga ranar ta gane: in ka yi kuskure, ka faɗi da wuri, kafin a ɗora wa wanda bai yi ba.