Sifana Mai Lamba Goma Sha Uku

Ƙarar da injin ya yi da safiyar Juma'ar nan, ko kurma ya ji ta ya san an yi asara. Saadatou tana ɗaura ɗankwali za ta tafi aiki ta jiyo ta daga rumfar bayan gidansu a McLeansville ta ƙasar Amurka, kamar an zuba tsakuwa a tukunyar ƙarfe, sai kuma shiru. Ta tarar da mijinta Zabeirou tsaye gaban tsohuwar taraktarsa ja, idonsa ya fi fentin ja.

Taraktar ƙirar 1952 ce. Shekara uku yana fama da ita: ya faɗaɗa ramukan fistin, ya rataya mata ƙarafa a gaba don kada ta yi tsaye, ya fiƙe haƙoran tayoyin. Duk don gasar ja da manoman yankin ke yi, inda ake ɗaura wa tarakta wani keken nauyi da ke ƙara danne ƙasa yayin da ake tafiya, wanda ya fi nisa shi ya ci. Bara ya zo na ɗaya. Gasar bana gobe ce.

Zabeirou ya kwance fulogi, ya zura maganaɗisu cikin ramin, ya zaro wani ɗan noti da ya lanƙwashe. An cire kafireta, an jefa shi ciki, an mayar. Ana haka sai ga Tahirou, abokinsa tun Maradi, mai gyaran motocin Japan da ake aikawa gida ta Kwatano. Ya duba notin, ya yi salati.

"Wa zai yi wannan in ba Baturen nan Parrish ba? Tun da ka kada shi bara bai sake ɗaga maka hannu ba. Wallahi in ni ne, yau sai ya san ɗan Nijar ba abin wasa ba ne." Ya ɗauko ƙarfen kwance taya ya ɗora a hannun Zabeirou.

Saadatou ta yi sauri ta shiga tsakaninsu. Takardun zaman mijinta suna hannun hukumar shige da fice, wata mai zuwa za a kira su ganawa. In ya taɓa Baturen nan ko da yatsa, an gama, sai jirgi.

"Baban Leïla, ba ni zuwa bayan sallar Juma'a. In shi ne, ni zan raka ka."

Ba alkunya take yi ba. Ita ma zuciyarta tafasa take, don ta san daren da taraktar nan ta ci da ranakun hutun da ta cinye. Amma aikinta a masana'anta duba ƙusoshi da notuna ne, tana aunawa tana ware gurɓatattu, kuma ba ta yarda da abin da ba ta auna ba. Ta buga waya ta ce ba za ta zo aiki ba, ta ɗauko ma'auninta. Ta auna notin. Ta durƙusa ta daɗe tana kallon notuna biyun da ke riƙe da kafireta, waɗanda mijinta ya shafa wa sabon fenti shekaranjiya. Kusurwoyinsu sun ɗan goge.

Ta fara da mai gidan da suke haya, Alhaji Salissou, wanda ya sha yin ƙorafi kan ƙarar injin.

"Baba, jiya kana gida?"

"Asibiti jikata Dalila ta kai ni, sai la'asar muka dawo." Ya ɗaga hannayensa da ke rawa kamar ganye. "'Yata, shayi ma sai an riƙe mini kofi. In ni kike zargi, na gode da wannan yabo."

Kunya ta kama ta, ta ba shi haƙuri, ta wuce gonar Mista Wendell Parrish. Ta tarar da shi ƙarƙashin tasa taraktar, ta faɗa masa abin da ya faru ba tare da kwana-kwana ba. Tsohon ya fito yana goge hannu, ya yi magana da Turancinsa na ƙauye mai jan baki.

"Shekara guda ina shirin kada mijinki a gaban mutane. Wa ya yi mini wannan ɓarnar?"

"Zan iya ganin kayan aikinka?"

Ya buɗe mata akwatuna uku. Ta bi sifanonin ɗaya bayan ɗaya. Duk na inci ne, rabin inci, kashi tara cikin sha shida, babu ta milimita ko ɗaya. Ya ce shi a gonarsa babu abin da aka ƙera a ƙetaren teku, kuma da alfahari ya faɗa.

Daga nan ta tuƙa zuwa garejin Tahirou a gabashin Greensboro. Mazan duk sun tafi masallaci, ƙofa a jaye kawai. Minti biyar ya ishe ta.

Bayan an sauko suka taru a rumfar: Zabeirou, Tahirou da Alhaji Salissou. Ƙarfen nan yana jingine a ƙafar mijinta. Saadatou ta shimfiɗa hankici a kan tayar tarakta, ta ɗora notin.

"Wannan na milimita goma ne, irin na motocin Japan. Taraktar nan kuwa komai nata inci ne, haka komai na Parrish. Notunan kafireta rabin inci ne. Wanda ya kwance su ba shi da sifanar rabin inci, don na Baban Leïla suna kulle a bayan motarsa. Sai ya yi abin da kowane makaniken gida ke yi, ya sa mai milimita sha uku ya ce ta isa. Ta kama, amma da ɗan sako-sako, shi ya sa ta goge kusurwa." Ta zaro sifana daga jakarta. Cikin bakin sifanar akwai jan fenti. "Malam Tahirou, a kan teburinka na same ta. Ko kana da jar tarakta a garejinka?"

Tahirou ya dubi fentin. Da maganar ta fito, da ihu ta fito.

"E, ni ne! Wa ya gano wannan kangon ƙarfe cikin ciyawa? Wa ya yi wata shida yana gyaran kan injin? Ranar da ka ci, mai jarida ya tambaye ka ko ni wane ne, ka ce yaronka ne mai miƙo maka kaya! Ka aika jaridar Maradi, har uwata aka karanta wa!"

Zabeirou ya sunkuyar da kai, don ya san ya faɗa. Alhaji Salissou ya fara abin da dattawa suka saba: a yi haƙuri, 'yan uwa ne, kada a fitar da maganar gida waje.

"Baba, injin na yafe, ƙarfe ne," in ji Saadatou. "Amma mutumin nan ya ci tuwona jiya da rana kafin ya zagayo nan. Yau ya ɗora wa mijina ƙarfe a hannu ya nuna masa gidan Bature, yana sane da inda takardunmu suke. Ba tarakta ya zo kashewa ba. So ya yi Leïla ta girma tana jin muryar ubanta a waya."

Ta ciro wayarta. Nan take Tahirou ya durƙusa a gabanta.

"Hajiya, don girman Allah. Bizata ta mutu shekara huɗu ke nan. In 'yan sanda suka zo, ba zan kwana a ƙasar nan ba."

"Ai da ka gina ramin gajere."

Ta dubi mijinta ko zai hana ta. Bai ɗago ba. Ta danna lambar 'yan sanda, ta faɗa wa matar da ta ɗauka adireshin gidan a hankali, har sau biyu, don kada su ɓata hanya.