Azumin Maryama

"Ba zan bari ba, Baffa."

Baffa Lawal ya ajiye kofin shayinsa, ya dubi Khairat kamar yau ya fara ganinta. Ƙanin mahaifinta ne. Shi ya ɗauko ta daga Katsina bayan rasuwar uban, ya riƙe ta a gidansa na unguwar Ard al-Liwa a Alƙahira har ta shiga jami'a, kuma tunda take ba ta taɓa ce masa a'a ba.

"Maimaita in ji!"

"Ba zan bar sashen nazarin addinai ba. Saura ƙiris in kammala bincikena."

"Binciken shiga coci? An gan ki kina fitowa daga cocin Mar Girgis, Khairat, da hijabinki! Babu Bahaushen da ke Alƙahira da bai ji ba!"

"Tambayoyi na je yi. Ina rubuta abin da kowane addini ya yarda da shi ne, da inda mabiyansa suke a duniya. Daga bakinsu nake so in ji, ba daga jita-jita ba."

"To na hana. Ko ki koma karatun fiƙihu, ko ki nemi wani waliyyin ranar aurenki. Khalas, magana ta ƙare!"

Khairat ba ta sunkuyar da kai ba.

Washegari Badamasi ya tare ta a bakin tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a Wustul Balad, tsakiyar birni. Ɗalibin hadisi ne, shi kuma aka sa wa ranar aure da ita. Idanunsa sun yi ja.

"Maganar ta kai kunnen Umma," ya ce. "Kin san tana kwance a asibiti a Ma'adi, an yi mata aikin gwiwa. Ta ce ɗanta ba zai auri mai zuwa coci ba."

"Kai kuma me ka ce?"

"Khairat, sanyin idona... ki jinkirta kawai. Bayan biki sai ki..."

"Yaya Badamasi, in na ajiye shi yau don a yarda da ni, gobe me za a ce in ajiye? Kai ka taɓa ganin na bar sallah?"

"Wallahi ban taɓa ba."

"To ka kai ni in gaishe ta."

"Za ta wulaƙanta ki fa..."

"Ma'alish, ba komai. Uwa ce. Yalla, mu je."

Hajiya Yelwa, mahaifiyar Badamasi, ba ta amsa gaisuwar ba. Khairat ta durƙusa har ƙasa, tsohuwar ta juya fuskarta bango. Haka aka yi ranar farko, haka aka yi ta biyu. Khairat ba ta fasa ba. Kullum in ta tashi daga jami'a sai ta shiga metro da kwanon farfesu a hannu, ta ajiye, ta zauna a gefe har a yi la'asar. Wani lokacin sai ta shiga banɗaki ta share hawaye, ta wanke fuska, ta fito kamar ba komai.

Mutum ɗaya ce ke sa Hajiya murmushi a asibitin nan, wata ma'aikaciyar jinya, Bamisiriya mai ƙiba da fara'a. Sunanta Maryam, Hajiya na kiranta Maryama. Ita ke ɗaga ta, ita ke goge mata jiki, ita ke riƙe ta in za ta taka ƙafar.

Wata rana Maryam ta shigo tana cewa, "Alhamdulillah, ya Hagga! In sha Allah gobe ƙafa za ta yi kyau!"

Hajiya ta ɗauko kilishin da aka kawo mata daga gida ta miƙa mata. Maryam ta dafa ƙirji, ta girgiza kai. "Ana sayma."

"Me ta ce?" Hajiya ta tambayi ɗanta.

"Ta ce tana azumi."

Sai a lokacin Hajiya ta waiwayi Khairat, karo na farko. "Kin gani ko, yarinya? Ga baiwar Allah nan. Ba Ramadan ba, ba Litinin ba, ba Alhamis ba, tana azumi. Sunan Allah ba ya barin bakinta. Irin waɗannan ake koyi da su, ba yawon coci ba." Ta zaro carbinta mai kyau daga ƙarƙashin matashi. "Tunda kin iya Larabcin, ba ta wannan. Ki ce ta sa ni a addu'a in ta yi sujada."

Khairat ta daɗe da lura da wata alama a hannun Maryam. Ta karɓi carbin, ta fassara maganar kamar yadda aka faɗa, ba ƙari ba ragi.

Maryam ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta sumbaci goshin Hajiya, sannan ta janye hannun rigarta. A tsintsiyar hannunta na dama akwai ɗan ƙaramin zanen gicciye, shuɗi, wanda aka yi mata tun tana yarinya.

"Ta ce za ta yi miki addu'a, Umma," in ji Khairat a hankali. "Amma a coci. Kirista ce."

Hajiya ta zabura har gwiwar ta motsa. "Wash! Kirista? Balarabiyar? Ke, ki ji tsoron Allah! Da kunnena na ji tana alhamdulillahi!"

"Harshensu ne. Littafinsu ma da Larabci suke karanta shi. Azumin nan na kafin bikin Ista ne, ba sa cin nama, ba sa shan madara."

"Har nan Turawan suka zo suka juya su?"

"A'a, Umma. Kibɗawa ne, suna nan da addininsu tun kafin Musulunci ya iso Masar. Haka Habasha. Kin tuna sarkin da ya karɓi sahabbai a hijira ta farko? Ƙasar Kiristoci ce suka je."

"Najashi..." Badamasi ya faɗa a hankali.

"Kai yi mana shiru, ba kai na tambaya ba." Hajiya ta ƙura wa Khairat ido. "To in Larabawa ba duka ne Musulmi ba, ina Musulmin suka fi yawa?"

"Indonesiya, can gabas mai nisa. Ba Larabawa ba ne, shinkafa suke ci kamar mu. Indiya ma akwai Musulmi da yawan gaske, amma mafi yawan mutanenta Hindu ne, sun yarda rai yana dawowa duniya a wani jikin. Gaba da su akwai mabiya Buddha..."

"Tsaya, tsaya! Kaina zai fashe."

Maryam ta matso ta miƙa hannu don ta ɗaga ta, lokacin taka ƙafa ya yi. Hajiya ta dubi hannun nan mai zane, ta daɗe tana dubansa.

Tsohuwar ta kama hannun.

Sai da ta taka zuwa ƙofa ta dawo, tana haki, sannan ta ce, "Ke duk kin san wannan, kuma kina sallarki?"

"Sanin ne ma ya ƙara min riƙe ta, Umma. Yanzu na san abin da na zaɓa."

"Hmm. Ni ga ni da furfurata, na kusa sa Kirista ta ja min carbi." Ta harari ɗanta. "Kai kuma malamin hadisi, kana tsaye ba ka gane ba! Zuba min farfesun 'yata, yunwa nake ji."

Badamasi ya juya baya da sauri don kada a ga idonsa. A hanyar komawa ya kasa yin shiru.

"Kin ji? 'Yata ta ce! Abar ƙaunata, ki yafe min, ni na ce ki jinkirta..."

"Na yafe. Amma kai za ka ɗauki littattafaina ranar kare bincike, duk nauyinsu."

Ya ɗauka kuwa. A ƙarshen shekarar 2014 Khairat ta tsaya gaban malamanta ta kare bincikenta, aka ba ta sakamako mafi daraja. Hajiya Yelwa, da ta dawo a duba mata gwiwa, ta rangaɗa guɗa a zauren jami'ar har Misirawa suka waiwayo. Aka ɗaura aure a Katsina, wani ƙanin kakanta ya karɓi waliccin.

Baffa Lawal bai zo ba. Da suka koma Alƙahira, ta je gidansa da Hajiya, ta je da mijinta, ta je ita kaɗai ta durƙusa a ƙofar ɗakinsa tana kuka. Bai fito ba.

Ta samu iliminta, ta samu mijinta, ta samu uwa. Mutumin da ya riƙe ta tun tana marainiya kuwa ta rasa shi yana raye, a gari ɗaya suke amma ba ya amsa sallamarta. Abin da tsayuwarta ta ci mata ke nan, kuma ta sani tun ranar da ta ce a'a.