Mai Fensir da Likitar Mage

Ranar Talata gidan tarihi ba ya samun jama'a, shi ya sa Mai Fensir ya fi zuwa ranar. A ɗakin sama ake baje kolin yadda masu zanen katun ke zana kyanwa da kare. Nasa zanen na can ƙarshe kusa da ƙofar fita, kyanwa mai tafiya, shafi goma sha biyu a jere. Sati uku babu wanda ya tsaya gabansa.

Sai ga wata budurwa da farar rigar aiki ta tsaya, har da karkata kai.

"Wanda ya zana wannan bai taɓa zama da mage ba," ta ce da kanta.

"Ni ne," ya ce daga kan benci.

Kunya ta kama ta, amma ba ta janye ba. "Yi haƙuri, asibitin dabbobi nake aiki. Mage inda ta ɗaga ƙafar gaba, nan take ajiye ta baya. Taka kuwa tafiyar akuya take yi."

Ya yi dariya. Ya manta rabonsa da yi.

Gaskiyarta, ba mage ba, ko mutum ba ya zama da shi. Shi kaɗai iyayensa suka haifa, bai san babansa ba, Innarsa kuma shekara biyu da rasuwa. Ɗakinsa tebur ne da fitila da kofi ɗaya.

Ya koma zuwa asibitinsu kullum, wai koyon tafiyar mage. Magen kam ta samu kallo kaɗan.

"Likitata, yau ma akwai darasi?" yakan rubuto.

"Zo, Mai Fensir. Ɗalibi mai wuyar ganewa."

Da maganar aure ta kai gida, Babanta ya girgiza kai. "Ba zanensa ne damuwata ba. Wa ke gare shi? Ba na ba da 'yata ga wanda ban san kowa nasa ba."

A satin kuma ya manta littafin zanensa a asibiti. Ta buɗe, ta ga mace guda ta cika kowane shafi. Kwana uku ba ta ɗaga wayarsa ba, sannan ta rubuta: "Wace ce ita?"

"Ki bar ni in zo gida, ku gan ta tare."

Ya zo da hantsi, shi kaɗai, ya durƙusa gaban Baba. Mai Fensir ya karɓi littafin daga hannunta, ya sa babban yatsa a gefe, ya saki shafukan da sauri. Sai matar ta motsa. Ta taho da bokiti, tana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, ta tsaya, ta waiwayo.

"Innata ce, Baba. Ba ni da hotonta mai motsi, na ji tsoron in manta tafiyarta. Kun ce in kawo nawa. Iyakarsu ke nan."

Likita ta rufe fuska da mayafi.

"Sake," Baba ya ce.

Ya sake. Sau uku Inna tana ratsa falon.

Ranar ɗaurin aure, Mai Fensir ya zauna shi kaɗai a gefen dangin ango. Baba ya duba, ya yafito ƙannensa biyu.

"Ku koma can, ɗanku ne. Allah Ya yi musu albarka, Ya jiƙan wadda ta raine shi."