Abin da Na Haɗiye a Zaman Sulhu

Ni ne tafinta ran da sojoji suka zauna sulhu da ƙabilar Mapuce, dangin uwata. Kanar ya ce filayen ƙetaren kogi, inda kaburburan shugabanninsu suke, sun zama na gwamnati. Na haɗiye wannan, na fassara sauran. Dattawa suka dangwala yatsa a takardar sulhu.

Da dare a mashigin kogi wani mahayi ya jera da ni. Ruwa bai ko motsa ba a ƙafafun dokinsa. Na dafa wuƙata.

"Ɗan ƙanwata, Kanar ya daɗe yana magana, taka ta yi gajarta," in ji shi. "Me ka rage?"

"Ban rage kome ba. Wa ya aiko ka?"

"Gobe za su kafa shinge bisa kaina."

Na dubi dokin. Maƙogwaronsa a yanke yake, yankan da muke wa dokin shugaba ranar binne shi.